Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Katsina: Ƙasar Saberiya na Narkewa, Mu Kare Gawon Gonakinmu

Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya taya ka riƙo, Ya kawo mana ƙarshen matsalar tsaro da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Na san ita ce a gabanka dare da rana. Duk da haka ina roƙon ka ba ni aron kunne kan wani abu da ke faruwa nesa da mu ƙwarai, wanda zafinsa zai iske manomin Baure da na Mai'adua har gona.

A can ƙuryar arewacin duniya, a Saberiya ta Rasha da Alaska da arewacin Kanada, akwai ƙasar da sanyi ya daskarar tun dubban shekaru. Ciyayi da saiwoyi da gawarwakin dabbobin da suka mutu a cikinta ba su ruɓe ba, sanyi ya tsare su. Masana sun ƙiyasta kabon da ke binne a wurin ya kai tan biliyan 1,500, wato kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya yanzu. Kamar naman layya ne a cikin firiza: muddin da wuta, lafiya lau, ranar da aka ɗauke ta, sai wari. To an fara ɗauke wutar. Tun daga 1979 yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya, har garin Verkhoyansk, wanda aka san shi da tsananin sanyi, ya ga zafin digiri 38 a watan Yunin 2020.

Idan ƙasar ta narke, ƙananan ƙwayoyin halitta sai su farka su hau cin abin da ke binne. Inda ƙasar ta tsane, iskar kabon suke fitarwa, wadda ke riƙe zafi a sama ta ɗumama duniya. Inda ruwa ya kwanta ya zama fadama, iskar metan ce ke tasowa, ita kuwa a cikin shekara 20 ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 80.

An daɗe ana sa rai ciyayin wurin za su rama. Da gaske ne ɗumi ya sa bazararsu ta ƙara tsawo, tsirrai sun ƙara yawa, suna zuƙe kabon da yawa a 'yan watannin da rana ke haskawa. Amma idan hunturu ya shigo ganye ya mutu, ƙasar ƙarƙashi ba ta daina numfashi ba, ga kuma gobarar daji da ke cinye har ƙasar kanta. A 2023 kaɗai wuta ta ci kimanin hekta miliyan 15 a Kanada. A Disambar 2024 hukumar NOAA ta Amurka mai nazarin teku da yanayi ta bayyana cewa, idan aka haɗa da gobara, filayen tundura, wato filayen sanyi marasa itatuwa na wannan yankin, yanzu sun fi fitar da kabon a kan abin da suke zuƙa. Wurin da ya yi dubban shekaru yana ɓoye wa duniya kabon ya koma amayar da shi.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi damuna shi ne wannan hayaƙin ba shi da makunni. Ana iya rufe masana'anta, ana iya canja injin mota, amma babu shugaban da zai ba ƙasa umarni ta sake daskarewa. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwambar 2021. Ko kowace ƙasa ta cika irin wannan alkawari, akwai ƙarin zafi da ke tafe. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma mutanen Jibiya ba su manta da ambaliyar Yulin 2018 da ta ci rayuka fiye da 40 ba.

Ba za mu iya taɓa Saberiya ba. Abin da ke hannunmu shi ne inuwa. Jiharmu na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, ana kuma dasa tsirrai kowace damina, ina yaba wannan. Sai dai duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolom ya san dashen da ba a ba shi ruwa da shinge ba, awaki ne ke gama da shi kafin rani ya raba. A lokaci guda kuma gatari na cin manyan itatuwan da suka shekara 50, ana loda buhunan gawayi a mota. Ba na zargin matar da ke neman itacen girki. Ba ta da zaɓi matuƙar gas ya fi ƙarfinta.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya mai arha. Sassaben zamani suke ce mata: manomi ba ya tumɓuke kututturen da ya toho, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya rage sauran, ya bar su su girma. Da haka aka farfaɗo da kimanin itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5. Gawo ne sarki a cikinsu, domin shi da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya ba dabbobi abinci da inuwa. Ƙasarmu ɗaya da tasu, harshenmu ɗaya, auratayya ma muna yi.

Roƙona, ka sa malaman gona su koyar da wannan dabara a ƙananan hukumomin iyaka, da hannun hakimai da dagatai, domin su ne suka san gonar wa aka sare wa gawo. A ba manomi tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, kuma ladan da za a ba shi ya danganta da itacen da ya rayu shekara uku, ba yawan wanda aka dasa ranar biki ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma suna da ɗaliban da za su iya ƙirga itatuwan da auna zafin kowace gunduma, in an ware musu kuɗi a kasafin shekara mai zuwa.

Allah Ya ja zamaninka.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Daura