Takardar Koke Kan Ciyar da Namun Daji a Cikin Unguwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Unguwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna unguwar nan da ke gindin dutse, iyaye maza da mata, mun kawo kukanmu ne a kan wasu maƙwabtanmu da suka mayar da ƙofar gidajensu wurin zuba wa birai abinci.

Ba ma zarginsu da mugun nufi. Lada suke nema, kuma tausaya wa dabba abin yabo ne. Sai dai biri idan ya saba da hannun mutum, tsoro kan fita daga idonsa. Da can da ya hango mu sai ya haye dutse. Yanzu garke guda ke saukowa da sassafe, su haura katanga, su shiga madafa, su tare yara a hanyar makaranta. Kwanakin baya wani biri ya ciji wata yarinya a hannu don ta ƙi sakin ƙunshin abincinta, kuma har yau ba ta yarda ta fita ita kaɗai.

Cizon nan shi ya fi tayar mana da hankali. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne karnuka suka fi yaɗa shi, amma sauran dabbobi masu shayarwa ma suna iya ɗauka, kuma da zarar alamu sun bayyana da wuya a tsira. Shi ya sa aka wanke wa yarinyar ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, aka garzaya da ita neman allura. Ragowar abincin da ake zuba wa biran kuma ɓeraye ke kwana a kai, macizai na biye da su har cikin gidaje.

Mai Unguwa ya yi nasiha har ya gaji, domin ba shi da rubutacciyar dokar da zai dogara da ita. Wasu wuraren sun riga mu: a 2020 ƙasar Singafo ta hana ciyar da namun daji ba da izini ba, inda a lokacin ta sanya tarar da ke iya kai dalar ƙasar 5,000 a laifin farko. Mu ba tara mai nauyi muke nema ba. Roƙonmu majalisar kansiloli ta kafa dokar da za ta hana ajiye wa namun daji abinci a cikin unguwa, a fara da gargaɗi, wanda ya ƙi ji sannan a ci shi tara. A sama mana mazubin shara mai murfi, a kuma rubuta wa hukumar jiha mai kula da gandun daji ta turo jami'anta su duba lamarin.

Ranka ya daɗe, a taimaka a hanzarta. Wasu matasa sun fara maganar sa guba, mu kuwa ba ma so a kashe dabbar da mu muka koya mata hanyar gidajenmu.

Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna unguwa.