Jirgin fito mai sarƙa na kogin Clyde

Malam edita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana kan jirgin fito mai sarƙa da akayi a kogin Clyde na Sikotilan, wallahi tarihin nan yana taɓa min zuciya. A da, a garin Renfrew da ke bakin kogin, sarƙa ce shimfiɗe a ƙasan ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, injin jirgin yana jan ta yana tsallakawa zuwa Yoker da ke ɗaya gaɓar, in ya wuce sai sarƙar ta nutse, manyan jirage su bi ta kai abinsu, kaga ko igiyar ruwa bata iya kauce dashi ba. Leburori masu ƙera jirage a garin Clydebank da ke kusa da Yoker da ma'aikatan kamfanin keken ɗinki na Singer da shi suke sammakon zuwa aiki, ga motoci ga kekuna duk a ciki. Da aka buɗe gadar Erskine a 1971 fiton Erskine, wani fiton a wannan kogin, ya mutu, na Renfrew kuma ya daina ɗaukar mota a 1984. Ni dai ina roƙo ku rubuto mana labarin mutanen da suka yi shekaru suna tuƙa shi.

Naka, mai karatu.