Rahoton Ayyukan Shekara: Haɗin Gwiwarmu da Jami'o'in Waje Kan Bincike da Ɗakunan Karatu

'Yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa, har da inda muka gaza.

Shirin Research4Life, wanda ke ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallu da littattafan ilimi ta intanet kyauta ko da araha, shi ne ya fi cin lokacinmu a bana. Don amfanin sababbin membobi, tushensa shi ne Hinari, na fannin lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i. AGORA ta biyo baya a 2003 don aikin gona, OARE a 2006 don muhalli, ARDI a 2009 don ƙere-ƙere, sai GOALI a 2018 don shari'a. Shirin ya kasa ƙasashen da suka cancanta gida biyu: cibiyoyin ƙasashen rukunin A ba sa biyan ko sisi, na rukunin B kuwa dala 1,500 ne a shekara.

To amma yin rajista daban, amfani daban. A wata jami'a da muka ziyarta, kalmar sirrin shiga tana rubuce a guntuwar takarda cikin aljihun teburin wani jami'i da ya tafi hutu da makulli. A can waje kuwa ɗaliban digiri na biyu sai roƙon abokansu na ƙasashen waje suke yi su turo musu maƙalar da jami'arsu ta riga ta mallaki izinin karantawa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Mun taimaka aka yi wa lambobin intanet na jami'ar rajista, ta yadda duk wanda ke cikin harabar zai shiga kai tsaye, sannan muka yi wa malamai da ɗalibai bita, tsangaya bayan tsangaya. A ganinmu wannan ne aikin da kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu, ga shi kuma shi ne mafi araha.

An kuma soma ɗora kundayen digiri a ma'ajiyar intanet da manhajar DSpace, wadda kyauta ce. Jami'ar da muke ƙawance da ita ta turo masani, muka gindaya masa sharaɗi ɗaya: kada ya taɓa kwamfutar, ya zauna a gefe ma'aikatanmu su kafa manhajar da hannunsu. Aikin ya ja lokaci, shi ma baƙon ya ƙosa, amma da na'urar ta tsaya bayan tafiyarsa, ba wanda ya buga masa waya.

Batun gudummawar littattafai ya jawo muhawara mai zafi. An yi mana tayin kwalaye masu yawa, da muka nemi jerin sunaye sai muka ga akasarinsu tsofaffin bugu ne na likitanci da kwamfuta. Mun yi godiya, mun ce a bar su. Wasu membobi sun ga hakan rashin kunya ne, kuma mun ji su. Sai dai kuɗin dako da na fito mu za mu biya, kuma littafin magani da zamani ya wuce shi illa yake yi wa ɗalibi. Daga yanzu sai ma'aikatan ɗakin karatu sun zaɓa kafin a ɗauro kaya.

Inda muka gaza shi ne yarjejeniyar bincike da wata jami'ar Turai. Daftarin ya bar wa masananmu tattara bayanai, masanan jami'ar Turan kuma nazari da rubutu. Mun kafa hujja da ƙa'idar TRUST ta 2018 kan adalci a haɗin gwiwar bincike, wadda ta nemi a dama da masu binciken gida tun daga tsara aiki har wallafa shi. Har yanzu ba a sa hannu ba, kuma laifin jinkirin har da namu, don mun yi sanyin jiki wajen ba da amsa.

Mujallun membobi da ke neman shiga AJOL (dandalin mujallun Afirka a intanet) da DOAJ (jerin mujallun da ake karantawa kyauta) suna kan gyara. Abin da ya fi kayar da su shi ne rashin fitowa a kan kari.

Ma'aji zai gabatar da rahoton kuɗi a babban taro. Kafin nan, kowace jami'a ta aiko mana da sunan wanda ke riƙe da rajistarta ta Research4Life, da na mataimakinsa.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa