Sanarwa ga ƴan rukuni: zaman tarihi da kiɗan fada

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da ƴan'uwa.

Muna gayyatarku zama ranar Asabar bayan la'asar a unguwar Birni, inda dattawa za su ba matasa tarihin Damagaram, makaɗa kuma su busa algaita da kakaki.

Tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 2023, tsadar abinci da rashin aikin yi suka sa samarinmu da yawa ba su da zance sai na tafiya Libiya, kuma wannan ya dame mu ƙwarai. Muna so su ji daga bakin manya cewa garin nan ya sha wuya a baya. Faransawa sun ci shi a 1899, an ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926, fari na 1984 ya cinye dabbobi, amma har gobe ana buga tambura a ƙofar fada, cikin Birnin da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa.

Muna roƙon kowa ya zo da yaransa, mata da maza. Ɗaliban jami'a su taimaka wajen ɗaukar muryoyin dattawan da wayoyinsu, bayan sun nemi izininsu.

Allah Ya ba mu ikon halarta.