Zuwa ga mutumina na Fatakwal

Assalamu alaikum.

Ya Fatakwal, ya ruwan sama? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Kano sai godiya, zafi ne kawai ya sako mu gaba. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Tukunyar nan ta tatsar ruwan batir daga tururi da kake min dariya a kanta, to na haɗa ta, kuma tana aiki. Ka san abin da ya kai ni. Batiran solar shago kullum cikin neman ƙarin ruwa suke, kuma ruwan batir ɗin da ake sayarwa a jarka wallahi ban yarda da rabinsa ba. Ruwan burtsatse ne wasu ke ɗurawa, gishirin cikinsa ya je ya kashe maka batirin da ka saya da gumin goshi.

Na shiga Ƙofar Ruwa na samo tsohuwar tukunya ta ƙarfen nan mara tsatsa, mai cin lita 20. Hita mai wat 2000 kuma a Sabon Gari na saya, irin ta tankin ruwan wanka. Mai waldar bakin layinmu ya huda gefen tukunyar daf da gindi, muka zura hitar, muka ɗaure da roba mai jure zafi. A murfi ya fitar da baki ɗaya, daga nan tururi ke bin bututu, bututun ya nannaɗe cikin bokitin ruwan sanyi, ruwa ya riƙa ɗiga a jarka. Shi ke nan fa. Kofin farko zubarwa nake yi, don duk wani wari shi ke fara fita.

Inda na kafe shi ne wajen wuta. Wat 2000 yana jan kusan amfiya 9, don haka na ƙi wayar nan 'yar siririya ta kanti, na ja waya mai kauri, lamba 2.5, daga bireka nata na kanta, na kuma haɗa wayar ƙasa a jikin tukunyar. Yaron da ya ja min wayar har cewa ya yi ɓarnar kuɗi ce. Na ce masa ruwa da lantarki a ɗaki ɗaya, ga yara na kai da kawo, ba da ni ba. Kuma ba a toshe bakin bututu ko na minti ɗaya, tururi in ya rasa hanya murfin zai ɗaga. Hita kuwa in ruwa ya janye ya bar ta a fili, nan take ta ƙone, shi ya sa na yi zane a cikin tukunyar, ruwa ba ya sauka ƙasa da shi.

Kai, ka san Alhajin kusa da mu? Ya leƙo ta katanga ya ga bututu a nannaɗe, tururi na tashi, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko in kira Hisba?" Sai da na ɗebo masa a kofi ya shinshina, ya kurɓa, ya ce ko ɗanɗano babu. Na ce ai alamar aiki ya yi kyau ke nan. Kai ma kar ka ce komai, ku da kuke garin masu dafa ɗanyen mai a daji, har baƙin hayaƙi na sauka a kan shanyarku.

Damuwata lissafi ce. In ta tafasa, a awa ɗaya ba ta cika ba ni lita 3 ba, yunit 2 kuma ya tafi. Tun 2024 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, ke biyan sama da naira 200 a yunit, ka ga duk lita ta doshi naira 150 kafin a yi maganar wahala. Mu da ba mu cikinsu, wutar ce ba ta zama, tana fara tafasa a ɗauke. A inbata kuwa ba zan jona ba, sai in ƙarar da batir wajen dafa masa ruwan sha.

Uwargida kuma ta sa ido. Wai in ba ta aro ta zuba kanumfari da na'ana'a ta tatsi ruwan ƙamshi don humrarta. Na ce ta nemi tata tukunyar, man ƙamshi in ya kama bututu ba ya fita. Har yanzu ba a gama shari'ar ba, tuwon dare ma ya fara zuwa a makare.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure! Ya ce in gaya maka bashinka na nan a littafi, aure bai goge shi ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi min. Bututun da na sa na jan ƙarfe ne, na masu gyaran firji, shi ne mai araha. Amma ruwa mai tsabta irin wannan yana ɗan cin jan ƙarfe, batir kuma ba ya shiri da shi, don haka wanda nake samu yanzu dutsen guga da lagireton mota nake ba wa. Ku can wajen kayan kamfanonin mai ba a rasa bututun ƙarfe mara tsatsa, siriri kamar yatsa, mita 4 ya isa. In ka samu ka ba direban motar dare, ka faɗa min kuɗin, kuma ban da ribar Fatakwal.

A gaida mutanen gida.

Naka,
abokinka na Kano