Wasiƙa daga Aboabo

Aboabo, Kumasi

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya Kano, ya zafi? Mu nan ruwa ya sauka, sauro ya dawo da ƙarfinsa.

Wata magana ce ta hana ni barci. Ranar Juma'a bayan an idar da salla wasu likitoci daga jami'a suka zo masallacinmu. Suna shirin fara gwajin sababbin magunguna, har da na sikila, suna neman waɗanda za su shiga da yardarsu. Da Turanci da yaren Tuwi suka yi bayani, sai liman ya ce in tashi in mayar da Hausa. Ban kai ƙarshe ba wani dattijo ya miƙe ya ce, "'Ya'yanmu ba zakarun gwajin dafi ba ne."

Wallahi ban ga laifinsa ba. Kai da kake Kano ka fi ni sanin abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin Amurka ya yi gwajin magani da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Labarin ya iso zangonmu tuntuni. Nan Gana ma a 2015 sai da aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe saboda tsoron jama'a.

Amma Habu, ka tuna Agogo, inda muke zuwa sarin ayaba? Daga 2009 zuwa 2014 an gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro a can da Kintampo, kuma malaman KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, ne suka riƙe aikin na Agogo. Iyaye manoma suka kai jariransu. Albarkacinsu a 2019 aka fara yi wa yara allurar a Gana da Kenya da Malawi. Haka gyambon Buruli: da can kullum sai an yi wa mutum allura har mako 8, allurar da kan lalata jin kunne. Gwajin da likitocin Kumasi suka shiga ya nuna ƙwayoyi kaɗai sun wadatar.

Duk wannan ina faɗa ne saboda 'yata Zainabu. Tun tana jaririya aka gano sikilarta a asibitin Komfo Anokye, cikin shirin duba jarirai da marigayi Farfesa Ohene-Frempong ya kafa a 1995. Ka ga yadda take kwana kuka in hunturu ya shigo, ƙasusuwa na sara, mu kuma sai tofi da ruwan ɗumi har gari ya waye. Shi ya sa da jama'a suka watse na tsaya na yi wa likitocin tambayoyi. Sun ce ba a fara gwaji sai hukumar magunguna ta ƙasa da kwamitin jami'a sun amince. Kwamfuta ce ke raba yara kamar ƙuri'a, wasu su sami sabon magani, wasu wanda aka saba. Duk ranar da muka ga dama mu janye, kulawarta ba za ta ragu ba. Na roƙe su su kawo takardar yarda da Hausa, don kada wata uwa ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta ji ba.

Zuciyata ta karkata, amma uwarta ba ta yarda ba tukuna, ni kuma ba zan sa hannu ba sai mun zama baki ɗaya. Muna ta istihara. Don Allah ka nuna wa ƙaninka likita wannan wasiƙa, ya faɗa min abin da ya kamata in ƙara tambaya kafin su dawo bayan mako biyu. Ku sa Zainabu a addu'a.

A gaida Inna da kyau.

Naka,
Sule