Wasiƙa daga Redhill

Ƙawata Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da su Inna da yara. Ya Auta?

Shi ne ma ya faɗo mini a rai ranar Asabar. Na raka maƙwabciyata ziyara a Earlswood, kusa da nan Redhill, kudu da Landan. Sai ga wani katafaren gini na jan bulo, an yi wa tagoginsa baki da farin dutse, ga hasumiya a tsakiya, ɓangarori sun miƙe dama da hagu. Wallahi na ɗauka gidan sarauta ne. Ashe asibitin masu tawayar ƙwaƙwalwa ne tun zamanin Sarauniya Victoria, yanzu an yanka shi gidajen zama.

Wani limamin coci, Andrew Reed, shi ya faro aikin a 1847, don ya yarda irin waɗannan yara suna koyo in an sami mai haƙurin koya musu. Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya aza harsashi a 1853, aka buɗe a 1855. A nan Dokta John Langdon Down ya yi shekara goma yana shugabanci, kuma a 1866 ya bayyana lalurar da ake kira da sunansa, wato Down syndrome, irin ta Auta.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne James Henry Pullen, ɗaya daga cikin majinyatan gidan. Maganarsa da kyar ake ganewa, kunne ma ba ya ji sosai, amma da ya samu katako da kayan aiki sai ya ƙera ƙaramin kwaikwayon wani katafaren jirgin ruwa mai suna Great Eastern, har da ƙananan kwale-kwalen da ke jikinsa. A gidan ya zauna har ya rasu a 1916.

Sai dai kyan gini bai hana a ɓoye mutane ba. A 1941 aka kai Nerissa da Katherine Bowes-Lyon, 'ya'yan kawun Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wannan asibitin, har littafin nasabar manya ya rubuta sun mutu alhali suna raye. Sai 1987 duniya ta ji. Wannan ya yi mini ciwo, Balaraba. Na tuna yadda Inna take goya Auta zuwa kowane biki, komai surutun mutane.

An rufe asibitin a 1997.

Har yanzu Auta yana haɗa motocin nan na kara? Don Allah ki turo mini hotonsu, zan nemo masa ƙananan kayan sassaƙa kafin in zo da sallah.

Ki gaida Inna sosai.

Taki,
Asabe